In aka kira limamin coci ya jagoranci taron rubuta tsarin mulki, ga yadda zai shiga ya fito da mutuncinsa

Ranka ya daɗe, ko kai fasto ne ko fada ko bishop, ranar da aka aiko maka cewa ka zo ka riƙe taron ƙasa to ka san abubuwa sun riga sun cuɗe. Ba don an ga ka iya doka aka kira ka ba, an kira ka ne don 'yan siyasa sun daina yarda da juna kuma kowa na ganin kai dai ba ka neman kujera. Wannan zaton shi ne duk jarinka, kuma da shi kaɗai za ka yi aikin.

Wanda na fi so a koya a wajensa shi ne Monsinyo Isidore de Souza, wani bishop ɗin Katolika na Jamhuriyar Benin, maƙwabtanmu nan. A 1989 ƙasar ta durƙushe, bankuna sun karye, ma'aikata sun yi watanni babu albashi, malamai da ɗalibai na yajin aiki, Janar Mathieu Kérékou da ke kan mulki tun juyin mulkin 1972 ya ga babu hanya sai ya kira taro. Aka zauna a otal ɗin PLM Alédjo a Kwatano daga 19 zuwa 28 ga Fabrairun 1990, wakilai kusan 500, kuma su da kansu suka zaɓi de Souza ya shugabance su.

To abu na farko ke nan, ka tambayi waye ya kira ka. In mai mulki ne shi kaɗai ya naɗa ka, ka ce a bari wakilai su amince da kai tukuna, in ba haka ba duk hukuncin da ka yanke za a ce ai yaron fada ne. Ka kuma sanar da na sama da kai a coci. 'Yan Katolika dokar cocinsu ta hana limami riƙe muƙamin gwamnati ko shiga jam'iyya gadan-gadan, shi ya sa aka dakatar da Fada Hyacinth Alia daga aikin limanci a coci a 2022 da ya fito takarar gwamnan Binuwai. Riƙe taron sulhu daban, tsayawa takara daban, kada wani ya haɗa maka su a kwano ɗaya.

Sai ka nace a yi komai a fili. A Benin rediyo na watsa muhawarar kai tsaye, mai kanti da ɗan acaɓa duk suna ji, saboda haka wakilin da ya so ya sayar da mutanensa sai ya tuna ana sauraronsa a gida. Yanzu kuwa ga waya ga Facebook, babu ma uzuri.

Inda aikin yake da wuya shi ne ranar da zaure ya ɗauki zafi, kuma za ta zo. A Kwatano ta zo ne 25 ga Fabrairu, ranar da wakilai suka ce daga yau taron nan shi ke da iko a ƙasa, abin da suka yanke dole a bi. Ka duba fa, mutumin da ke da sojoji da bindigogi yana nan a fadarsa cikin gari ɗaya, aka ce masa an karɓe ikonsa da ɗaga hannu. Abin da de Souza ya yi shi ne bai bar layi ya yanke tsakaninsa da Kérékou ba, yana zuwa ya same shi su yi magana ido da ido, ya dawo ya kwantar da masu zafin kai a zaure. A ƙarshe aka bar Kérékou da sunan shugaban ƙasa na riƙon ƙwarya, aka zaɓi Nicéphore Soglo firaminista ya riƙe gwamnati, daga baya ma aka ba Janar ɗin kariya daga tuhuma. Mutane da yawa sun ji zafin wannan kariyar, musamman waɗanda aka ɗaure aka azabtar, kuma ni ban ga laifinsu ba. Amma in ka toshe wa kura duk ƙofofi ta kanka za ta bi. Ka bar wa mai bindiga ƙofar fita, ka kuma fito ka gaya wa waɗanda aka zalunta gaskiya cewa wannan farashi ne aka biya, kada ka lulluɓe shi da ayar yafiya.

Kuma kada ka ɗauka rigarka garkuwa ce. A Togo Bishop Philippe Kpodzro ya riƙe irin wannan taro a 1991, amma shugaban ƙasar, Eyadéma, bai saki mulki ba, a 1992 ma sojoji suka tsare 'yan majalisar riƙon ƙwarya har da shi bishop ɗin. A Zayar, wato Kongo-Kinshasa ta yanzu, gwamnatin Shugaba Mobutu ta dakatar da taron da Akbishop Laurent Monsengwo ke jagoranta, Kiristoci suka fito maci a Kinshasa ranar 16 ga Fabrairun 1992 aka buɗe musu wuta. Saboda haka kafin ka ce wa jama'a su fito titi, ka auna ko mutumin da ke can sama ya gaji da gaske ko lamɓo yake.

Alƙalami kuma ba naka ba ne. Kundin Benin kwamitin masana doka ne ya rubuta shi ƙarƙashin Farfesa Maurice Ahanhanzo-Glèlè, aka kai shi ƙuri'ar raba gardama 2 ga Disamban 1990, ya zama doka 11 ga wata. Bishop ne ya riƙe tafiyar amma kundin ya ce ƙasa ba ta da addinin hukuma, ya kuma ƙayyade wa shugaba wa'adi biyu na shekara biyar-biyar. Mu nan Najeriya mun san yadda batun addini ke fasa irin wannan zaure, tun 1978 da wasu wakilai suka fice daga majalisar tsara kundi kan maganar kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a. Na taɓa zuwa wani zaman jin ra'ayin jama'a inda wani Rabaran ya cinye mintunansa kaf yana lissafa koke-koken ɗariƙarsa, da ya zauna sai wani malami ya miƙe ya rama, aka tashi babu wanda ya taɓo maganar kuɗin ƙananan hukumomi da aka zo dominta. In kana da koke na coci ka ba wani wakili ya karanta, kai kuma ka je ka gaida liman da sarkin gargajiya a masaukinsu kafin a fara, ka ba su lokacin magana daidai da na mutanenka, agogo ɗaya.

Na ƙarshe, tun ranar farko ka faɗi ranar tafiyarka da bakinka kowa ya ji, domin za a zo maka da daddare a ce ranka ya daɗe ai kai ne kaɗai za ka iya riƙe ƙasar nan. De Souza ya shugabanci majalisar riƙon ƙwarya, aka yi zaɓen Maris 1991 Soglo ya kada Kérékou, shi kuwa bai sa sunansa a takardar ƙuri'a ba, yana akbishop ɗin Kwatano har ya rasu a Maris 1999.