Kafin ka sabunta manhajar ɗaukar lokacin tsere: gwaji, rajista da fitar da sakamako

Masu manhajar ɗaukar lokacin tsere ba sa gajiya da fitar da sabuwar siga. Yau sun gyara fom ɗin rajista, gobe sun ƙaro shafin da ke nuna sakamako kai tsaye, jibi kuma saƙon da ke shiga wayar ɗan tsere da zarar ya ƙetare layi. Duk ina maraba da su. Amma ni da ɗaukar lokaci a tseren kan titi ne aikina, daga na kilomita 5 har gudun famfalaki mai kilomita 42.195, abu ɗaya nake fara dubawa a kowace sabuntawa: shin sunan mutum, da lambar ƙirjinsa, da lambar cif ɗinsa suna nan a ɗaure da juna yadda na bar su?

Na'urar da ke bakin layi ba ta san kowa ba. Cif ɗin da ake mannawa a bayan lambar ƙirji nau'in RFID ne marar batir, eriya ce ke tashinsa da igiyar rediyo, yawanci tsakanin megahaz 860 da 960. Abin da na'urar ke rubutawa biyu ne kacal: lambar cif, da ƙarfe nawa ya wuce. Sauran duka, wato wane ne, shekarunsa nawa, na nawa ya zo a rukuninsa, manhaja ce ke haɗawa. Tun da aka yi amfani da cif ɗin ChampionChip na ƙasar Holan a gudun famfalakin Berlin a 1994, tushen aikin bai canza ba. Shi ya sa idan sakamako ya fito a karkace, sau da yawa tun wajen rajista aka shuka matsalar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan tsere ya rage mako guda, ba na taɓa maɓallin sabuntawa, kuma ina kashe sabuntawar da kwamfuta ke yi da kanta, don kada ta zaɓi asubar ranar tsere ta sake kunna kanta. Idan akwai sarari, ga yadda nake bi.

Ka fara da ajiye kwafi: taskar bayanan gaba ɗaya, da saitin gasar, da fayil ɗin girka tsohuwar sigar. Wasu manhajojin idan sabuwar siga ta buɗe taskar bayanai tana sauya mata tsari, tsohuwar ba za ta ƙara iya karanta ta ba. Sannan ka karanta bayanin abin da aka canza, musamman inda aka ambaci na'urar karantawa. Ita ma tana da tata manhajar a ciki, kuma wani lokaci sai an sabunta su tare suke jituwa.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne maimaita tsohon tsere. Ka ɗauko ɗanyen fayil ɗin karatun cif na wata gasa da aka gama, wadda sakamakonta ya riga ya tabbata, ka zuba shi a sabuwar sigar tare da jerin 'yan tseren wancan lokacin. Ka fitar da sakamako, ka jera shi gefen tsohon. Ya kamata su yi daidai layi bayan layi. Duk inda suka saba, ko da daƙiƙa ɗaya ce, ka tsaya sai ka gano dalili.

A wurare uku bambancin ya fi ɓuya. Na farko, cike daƙiƙa. A ƙa'idar World Athletics, hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, lokacin tseren kan titi ana ɗaga shi ne zuwa cikakkiyar daƙiƙa ta gaba, saboda haka 2:09:44.32 ya zama 2:09:45. Manhajar da ta koma yanke wutsiyar lambar, ko kai ta ga daƙiƙar da ta fi kusa, ta ba mutum abin da ba nasa ba. Na biyu, wane karatu ake ɗauka. Ɗan tsere yana tsaye kusa da layin farawa yana ɗumama jiki, na'ura na iya karanta shi sau da yawa kafin a tashi. A wurin farawa ana son karatun ƙarshe bayan an harba bindiga, a wurin gamawa kuma na farko. Idan farawa da gamawa a layi ɗaya suke, dole ka sa mafi ƙarancin lokacin da za a yarda an gama, in ba haka ba wanda ya makara ya taka layi bayan minti uku zai fito zakaran kilomita 10. Na uku, lokacin bindiga da lokacin cif. Na bindiga yana farawa ga kowa a tare, kuma shi ne na hukuma, da shi ake raba kyaututtukan manyan matsayi. Na cif yana farawa ne sa'ad da mutum ya ƙetare layin farawa, shi ya fi yi wa na bayan cunkoso adalci. Ka tabbata sabuwar sigar ba ta sauya wanda ake jera sunaye da shi ba.

Sai rajista, inda na fi daɗewa.

A fom, ka nemi cikakken kwanan haihuwa, kada ka tambayi "shekarunka nawa". Mutum zai yi rajista yana da 39, ranar tsere ya cika 40, ya koma wani rukuni. Rukunan manya suna farawa daga shekara 35 a ƙa'idar duniya, ana raba su biyar-biyar, da shekarun ranar tsere ake lissafi. Na 'yan ƙasa da 20 kuwa da shekarun mutum a ranar 31 ga Disamba na shekarar ake aunawa. Manhaja tana da saitin duka biyun, ka duba wanda ke kunne ga kowane rukuni.

Idan daga wani dandalin rajista kake kwaso sunaye, da fayil ɗin CSV za su zo, wato jerin bayanai da waƙafi ke raba su, kuma a nan ake yawan ɓarna. Excel yana share sifilin farkon lamba, 00417 ya koma 417, cif ya rasa mai shi. Kwanan wata 03/04 a tsarin Amurka 4 ga Maris ne, a tsarin Ingila 3 ga Afrilu. Idan kuma ba a ajiye fayil ɗin a tsarin UTF-8 ba, wato tsarin ajiye rubutu da ke ɗaukar kowane irin harafi, haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ, da masu ɗigo na wasu harsuna, za su fito kamar rubutun aljanu. Ba wanda ke son ya sha wahalar kilomita 21 ya ga sunansa a haka. Bayan an zuba sunaye, ka sa manhaja ta nemo maimaici: suna ɗaya da kwanan haihuwa ɗaya, lamba ɗaya a wuyan mutum biyu, ko lambar da ba ta da cif.

Sababbin sigogi da yawa suna ba da damar a ba mutum lamba a daidai lokacin da ya zo karɓa, maimakon a rubuta ta tun da wuri. Ina son wannan, yana rage layi, lambobin waɗanda ba su zo ba ma ba sa zama asara. Sharaɗinsa dai kowane teburi ya ga abin da ɗan'uwansa ya rubuta nan take. Idan intanet ɗin wurin ba abin dogaro ba ne, ka raba wa kowane teburi nasa jerin lambobin. Ka ajiye ƙaramar na'urar karantawa a bakin fita, kowa ya gifta da lambarsa ya ga sunansa a allo. Wanda ya ga sunan wani, a gyara masa nan take. Ka kuma sa ranar rufe sauya suna ko sauya nisa, domin namijin da ya sa lambar matarsa yana iya ture mace ta gaskiya daga kan kyauta ba tare da ya sani ba.

Ranar tsere, ka daidaita agogon duk na'urori da tushe ɗaya, GPS ko agogon intanet, kafin a tashi. Ka gaya wa 'yan tsere su sa lamba a ƙirji, a waje, kada su naɗe ta, saboda ruwa da jikin mutum suna shanye wannan igiyar rediyo. Wannan ne amfanin ɗan soson da ke bayan cif. Kyamarar bidiyo da mutum mai rubuta lambobi da hannu a layin gamawa ba su tsufa ba, kuma a tsakanin na gaba-gaba idon alƙalai ne ke yanke wanda ya riga, da gangar jiki ake aunawa.

Wajen fitar da sakamako, ka bar lissafi a kwamfutar da ke wurin, intanet ya zama na aikawa kawai. Ka gwada tun kafin ranar: cire intanet ana cikin karatu, ka mayar, ka ga ko manhajar ta tura abin da ya taru ba tare da ninka shi ba. A shafin jama'a, suna, lamba, rukuni, lokaci da matsayi sun isa. Kwanan haihuwa da lambar waya ba su da gurbi a can, kuma a Turai dokar kare bayanan mutane ta GDPR da ta fara aiki a 2018 tana hukunta sakaci irin wannan. Bayan kowace sabuntawa ka buɗe shafin a waya kamar baƙo, domin sabuwar siga na iya buɗe ginshiƙin da ka ɓoye.

Duk abin da ya fita kai tsaye, a rubuta masa "na wucin gadi". Kafin ka cire wannan rubutun, ka bi lokutan tsakiyar hanya na duk wanda zai karɓi kyauta. A gudun famfalakin Boston a 1980, kafin zuwan cif, Rosie Ruiz ta shigo kusa da ƙarshe aka naɗa ta zakara, sai daga baya aka mayar wa Jacqueline Gareau nasararta. Yau shimfiɗar da ke karanta cif a kowane kilomita 5 tana tona irin wannan. Sai dai rasa karatu ɗaya ba laifi ba ne, na'ura ma tana kuskure. Wanda ya ɓace a wurare biyu ko uku a jere, sannan saurinsa ya ninka a tsakani, shi za ka kai wa alƙalin gasa tare da bidiyo. Kai ba ka korar kowa, naka kawo hujja.

Ƙa'idar World Athletics ta ba da minti 30 bayan sanar da sakamako a shigar da ƙorafi. Idan sun cika, ka sa wa waɗanda ba su tashi ba DNS, waɗanda ba su gama ba DNF, waɗanda aka soke DQ, kada ka goge su daga jeri. Sannan ka rufe sakamakon, ka ajiye kwafinsa tare da ɗanyen fayil ɗin karatun cif da lambar sigar da ka yi aiki da ita. Duk gyaran da ya biyo baya, a rubuta wanda ya nema, da wanda ya amince, da ranar da aka yi.