Darasi na Bakwai: Aikin Namiji Wajen Hana Fyaɗe

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata. Sau da yawa mai aikata wannan ta'asa ba baƙo ba ne, mutum ne da aka ba amana, kamar maƙwabci ko ɗan'uwa ko ubangida a wurin aiki, kuma maza 'yan'uwansa ne suke zama da shi suna jin irin maganganun da ke fita daga bakinsa.

Saboda haka aikin yana farawa daga wurin hira. Idan abokinka yana alfahari da yadda ya matsa wa wata yarinya, sauran kuma suna shewa, wannan shewar ce take ba shi ƙarfin gwiwar maimaitawa. Ka dube shi ka ce, "Malam, wannan zalunci ne, ka ji tsoron Allah." Macen da ta ce a'a, ko ta yi shiru don tsoro, ko hankalinta ya gushe, ba ta yarda ba. Ƙaramar yarinya kuwa, da ƙaramin yaro, tun asali ba su da yardar da za su bayar.

Inda iyaye maza suka fi yin kuskure shi ne bayan abin ya auku. Yarinya ta shigo jikinta yana ɓari, ta kasa haɗa ido da kowa, maimakon a rarrashe ta sai a daka mata tsawa, "Me ya kai ki can?" Wannan tambaya tana rufe bakin yara da yawa, abin takaici. Ka sassauta murya ka ce, "'Yata, na yarda da ke, ba laifinki ba ne." Daga nan sai asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau dole a fara shan sa cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28. Idan da hali, kada ta yi wanka tukuna, kuma a adana tufafin da ke jikinta, domin hujja ce a gaban hukuma. Sulhun da ake yi a ɓoye da sunan rufin asiri, asirin mai laifi yake rufewa, ya bar shi ya nemi wata.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya binciko asibitin da ya fi kusa da shi, ya rubuta sunansa a littafinsa da hannunsa, a gefensa kuma ya rubuta "awa 72".