Zuma, Tafarnuwa da Citta a Lokacin Mura: Yadda Ake Haɗa Su Ba Tare da An Ɓata Amfaninsu Ba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba zuma a tafasasshen shayi. A cikin zuma akwai wani sinadari da ƙudan zuma ke sakawa, wanda idan ya haɗu da ɗan ruwa yake fitar da haidirojin feroksaid mai hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Zafi mai yawa yana kashe shi. Saboda haka a tafasa citta ɗanya kamar tsawon gaɓar babban yatsa, a daddaka, cikin kofi biyu na ruwa na minti 10. A sauke, a bari ya huce har yatsa ya iya jurewa, sannan a sa zuma cokalin shayi ɗaya ko biyu da rabin lemun tsami.

Tafarnuwa ma tana da nata ƙa'ida. Sinadarin alisin, wanda ake nema a cikinta don amfaninsa, ba ya samuwa sai an farfasa ta. A daka ƙwaya ɗaya, a ajiye minti 10, sannan a gauraya da abincin da aka riga aka sauke. Wanda ya haɗiye ta ɗungurungum ko ya jefa ta tukunya tun farko, kaɗan zai samu.

Aikin zuma ya fi ƙarfi a wurin da ta taɓa. Tana lulluɓe maƙogwaro, tana rage tarin dare, kuma ga yaron da ya wuce shekara ɗaya rabin cokalin shayi zuwa cokali ɗaya kafin barci ya isa. Jaririn da bai cika wata 12 ba kada a lasa masa ko ɗigo, ko da ranar haihuwa ce. Zuma kan ɗauko ƙwayar botulinum, hanjin jariri bai iya kare kansa daga ita ba, tana iya shanye masa jiki har numfashi.

Ingancin zumar ma abin dubawa ne. Wadda aka matse daga saƙar da ƙudan bai rufe ba ruwa ya yi mata yawa. In ya haura kashi 20 cikin 100 sai ta yi kumfa ta yi tsami. Daskarewa kuwa ba alamar jabu ba ce.

Sai furofolis, danƙon da ƙudan ke tarawa daga ƙaron itatuwa yana toshe kafofin amya. Yana da sinadaran tsirrai masu rage kumburi, amma yana tayar da garkuwar jikin wasu fiye da kima: ƙaiƙayi, borin jini, kumburin leɓe. A fara shafa ɗan kaɗan a cikin hannu, a jira kwana ɗaya. Mai asma da wanda harbin ƙudan zuma ke kumbura wa jiki su haƙura da shi.

Mai ciwon suga ya sani cewa babban cokalin zuma yana ɗauke da suga kusan giram 17. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, ko mai jiran tiyata, ya tambayi likita kafin ya yawaita tafarnuwa da citta.

Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke koya wa jiki gane ƙyanda ko sanƙarau. Wannan aikin rigakafi ne. Tarin da ya kai mako biyu, musamman da rama da zufar dare, a je asibiti a yi gwajin tarin fuka.