Yadda ake binciken gida-gida kan lafiyar mata da ƙananan yara

Adadin nan da ake yawan ambato, cewa yara 132 cikin kowane 1,000 da aka haifa a Najeriya na rasuwa kafin su cika shekara biyar, ba daga littattafan asibiti ya fito ba. Daga binciken gida-gida kan jama'a da lafiya a Najeriya, wato NDHS, na 2018 ya fito, kuma adadi ne na wancan lokacin. A ƙasashen da mata da yawa ke haihuwa a ɗaki, ake kuma binne jariri ba wanda ya rubuta, ba yadda za a san gaskiya sai an bi gidaje an tambaya.

Manyan tsare-tsare biyu ke wannan aiki a ƙasashe masu tasowa: DHS, wanda aka fara a 1984 da kuɗin hukumar USAID ta Amurka, da MICS, wanda UNICEF ta ɓullo da shi a 1995. A Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke gudanar da na farko (shi ne NDHS), Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na biyu. Nijar kuwa ta haɗa su wuri guda a binciken EDSN-MICS na 2012. Tsarin aikin kusan iri ɗaya ne.

1. Zaɓen yankuna da gidaje

Daga jerin ƙananan yankunan ƙidaya ake zaɓe, ta hanyar ƙuri'ar kwamfuta, yanki mai yawan jama'a ya fi samun damar faɗowa. Sai a tura masu zana taswira su rubuta kowane gida da sunan magidanci. Daga wannan jeri ake fitar da gidajen da za a shiga. A 2018 an ɗauki yankuna 1,400, gida 30 a kowanne. Idan yanki na da gida 180, a ɗauki ɗaya, a tsallake biyar, haka har ƙarshe.

Ba a musanya gida. In an tarar ba kowa, a koma aƙalla sau uku a lokuta daban-daban. Wanda ya shiga maƙwabta don ya huta ya ɓata aikin, domin matar da ba a samu ba saboda tana gona ko kasuwa, rayuwarta ba ɗaya ba ce da ta wadda kullum tana gida.

2. Shiga gari da shiga gida

A fara da hakimi ko dagaci, sannan mai unguwa. A ƙofar gida namiji ya yi sallama da maigida a zaure, ya bayyana aikin, ya nemi izini. Mata su ke tambayar mata, a keɓe, ba miji ba kishiya ba uwar miji a kusa. A karanta wa kowace bayanin amincewa, tana kuma da damar ƙi.

Gida a wannan aiki ba katanga ba ce, tukunya ce: mutanen da ke kwana wuri ɗaya suna ci daga girki ɗaya. Babban gida mai sassa huɗu, kowane da tukunyarsa, gida huɗu ne. A rubuta mazauna na dindindin da baƙon da ya kwana daren jiya, sannan a ware matan da za a tambaya, 'yan shekara 15 zuwa 49, da yara 'yan ƙasa da biyar.

3. Tarihin haihuwa

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace, domin daga nan ake lissafa mace-macen yara. Ana bin haihuwar mace ɗaya bayan ɗaya daga ta fari: suna, wata da shekara, yana raye ko ya rasu, in ya rasu yana da nawa.

Matsala ta farko yaran da ba a faɗa. Wata uwar kunyar ɗan fari ke hana ta ambatonsa. Wata ba ta lissafa wanda aka ba riƙo, ko aka kai almajiranci, ko 'yar da aka aurar. Wanda aka fi rasawa shi ne jaririn da ya koma kafin suna, don uwa ba ta son tuna shi, wasu ma ba sa sa shi cikin lissafin 'ya'ya. Saboda haka a tambaya a hankali: “Hajiya, Allah ya ba da haƙuri, ko akwai wanda kika haifa ya yi kuka ko ya motsa ko ya yi numfashi, sannan ya koma?” In ya yi ɗaya daga cikin ukun, haihuwa ce mai rai, ko da minti biyu ya yi. Duk inda aka ga tazara mai tsawo tsakanin haihuwa biyu, a sake tambaya ko akwai wani a tsakani.

Ta biyu shekaru. A nemi takardar haihuwa ko katin rigakafi tukuna. In babu, a yi amfani da jadawalin abubuwan da suka faru a yankin: kafin azumi ko bayan babbar sallah, da damina ko da kaka, shekarar zaɓe, shekarar ambaliya. A tuna watan Musulunci na ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka jadawalin sai ya nuna inda azumi ya faɗo a kowace shekara.

Shekarun rasuwa ana rubuta su da kwanaki in bai kai wata ba, da watanni in bai kai shekara biyu ba, sauran da shekaru. In uwa ta ce “shekara ɗaya”, kada a rubuta wata 12 kai tsaye. A tambaya ko ya fara tafiya, ko ya ga sallah biyu. Yaron da ya rasu yana wata 11 cikin mutuwar jarirai yake, na wata 13 ba ya ciki, kuskuren wata ɗaya na sauya alƙaluman ƙasa.

Akwai kuma ha'incin ma'aikaci. Yaro ɗan ƙasa da biyar na jawo tambayoyi masu yawa da awo, sai malalaci ya ƙara masa 'yan watanni ya tsallake. Shugaban tawaga na gane wannan in ya ga 'yan shekara biyar da shida sun yi yawa, 'yan huɗu sun yi kaɗan.

4. Rigakafi, ciwo da awon ciki

A kwafi ranakun allura daga kati yadda suke. Sai in babu kati a dogara da bakin uwa, a kuma bambanta mata ɗigon shan-inna da ake bi gida-gida da allurar cinya da ake yi a asibiti, don ana yawan haɗa su. Gudawa da zazzaɓi na mako biyun da suka wuce kawai ake tambaya, abinci kuwa na jiya dare da rana. Sai awon ciki: sau nawa, wa ya duba ta, a ina ta haihu, wa ya karɓi haihuwar.

Mutuwar mata wajen haihuwa ta hanyar 'yan'uwa ake gano ta. A tambayi mace duk waɗanda suke ciki ɗaya, in wata ta rasu, ko tana da ciki ne, ko wajen haihuwa, ko cikin jego. Da haka aka samu mutuwar mata 512 cikin haihuwa 100,000 a binciken 2018. Adadi ne na shekaru bakwai kafin binciken, ba ya kuma rabuwa jiha-jiha.

5. Awon jiki

Mutum biyu ke awon tsayi, mai awo da mataimaki. Yaron da bai kai wata 24 ba a kwance ake auna shi a kan allo, kai ya taɓa katako, gwiwa a miƙe. Daga wata 24 a tsaye, ba takalmi ba hula. A karanta har ɗigon milimita, a faɗa da ƙarfi, mataimaki ya maimaita kafin a rubuta. Awon kwance ya fi na tsaye da kimanin santimita 0.7, shi ya sa dole a rubuta yadda aka auna. Sikeli a ajiye shi a ƙasa mai tauri da daidaito. Jariri kuwa uwa ta hau ita kaɗai, a mayar da sikelin sifili, sannan a miƙa mata shi.

Yawan lambobi masu ƙarewa da 0 ko 5 alama ce mai awo na kintace. Don haka kafin fita aiki ake gwada kowane, ya auna yara goma sau biyu-biyu a kwatanta da na ƙwararre. Da wannan awo da shekarun yaro ake gane tsumburewa bisa mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, wato shekarun da aka kuskure a mataki na uku nan ma sai sun yi ɓarna. Inda ake gwajin ƙarancin jini ko zazzaɓin cizon sauro, ɗigon jini daga yatsa ya isa, a ba uwa sakamako nan take, mai tsanani a ba shi takardar zuwa asibiti.

6. Duba aiki da lissafi

Kowane dare shugaba ya duba abin da ke cikin kwamfutocin hannu ya tura ofis ta intanet, ya kuma koma wasu gidaje ya sake tambaya. Kada tawaga ta bar yanki sai an rufe shi, komawa daga baya tsada ce. A ofis ana ba kowane gida nauyi a lissafi bisa damar zaɓensa, wanda ya fi damar faɗowa ya samu ƙaramin nauyi, domin ƙananan jihohi ana ɗibar musu gidaje fiye da rabonsu na jama'a. Wanda ya lissafa kaso ba tare da wannan nauyin ba zai fitar da adadin ƙarya. Sakamakon yana tsayawa ne a matakin ƙasa, shiyya da jiha. Gidajen da aka shiga a ƙaramar hukuma guda ba su isa a yanke mata hukunci da su ba.