In ka ji ciwo a bakin aiki, ga yadda za ka bi diyyarka kada ta salwanta

Abu na farko da nake so ka cire a ranka shi ne wai sai ka nuna laifin kamfani ne kafin a biya ka. A'a, ba haka tsarin yake ba. Ko kai ne ka yi sakaci hannunka ya shiga injin, indai aikin da aka ɗauke ka dominsa kake yi, haƙƙinka yana nan, sai dai in an same ka cikin maye ko kai ka raunata kanka da gangan, wannan kam yawancin dokoki sun cire shi. Tun 1884 Jamus ta fara wannan tsarin diyyar ma'aikata zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, Ingila ta yi nata a 1897, a Amurka kuma jihar Wisconsin na cikin na farko a 1911, kuma kamar ciniki aka yi: kai ka samu kuɗin magani da wani kaso na albashi ba sai an yi ta ja-in-ja a kotu ba, shi kuma ubangidanka, musamman a Amurka, ya tsira daga ƙararka. To amma fa galibi kuɗin ba daga aljihun oga yake fitowa ba, daga kamfanin inshora ne ko asusun gwamnati, kuma nan ne gizo yake saƙar.

Ka faɗa tun ranar. Wallahi nan mutane suka fi faɗuwa. A ce kana ɗaga kaya sai ka ji bayanka ya yi ƙas, ka miƙe ka ce ba komai zai wuce don kada a ce kai rago ne, bayan sati uku ka kasa sunkuyawa ka ɗaura takalmi, sai a lokacin ka je wajen manaja shi kuma ya kalle ka ya ce ina shaidar a nan ka ji? Wa ya sani ko a gida ne? Ka ga kai da kanka ka ba su ƙofa. Don haka ko ƙwarzane ne ka sanar, kuma a rubuce, maganar fatar baki ba ta da maƙama. Ko saƙon waya ne ka tura, indai akwai rana da lokaci, ka faɗi inda abin ya faru da abin da kake yi da waɗanda suka gani, sannan ka ɗauki hoton wurin kafin a goge man da ya zube ko a gyara tsanin. Kowane wuri da wa'adinsa, a New York da California kwana 30 gare ka ka sanar da ubangida, shigar da neman diyyar kuwa shekara 2 ne a New York, 1 a California. Ka nemi na inda kake yau ɗin nan.

A asibiti kalmar farko da za ta fito bakinka ita ce a wajen aiki na ji, ka tabbata likita ya rubuta haka a fayil. Kuma ka lissafa masa duk inda ke ciwo, kada ka ce gwiwa kawai alhali kafaɗa ma tana yi, don abin da bai shiga takardar ranar farko ba sai ka sha wuya kafin a yarda da shi. Rasit na magani, na mota, takardar hutu, duk ka adana kwafinsu. Wasu dokokin sun ce sai likitan da kamfani ya zaɓa za ka fara gani, ka tambaya.

Sai kuma jami'in inshora ya kira ka. Mutum ne mai fara'a, ga iya gaisuwa, amma dan Allah ka tuna wa ke biyansa albashi. Zai ce ya jiki, kai kuma bakinka ya saba sai ka ce da sauƙi, shi kenan ya rubuta ma'aikaci ya ce ya samu sauƙi. Ni a ganina ka amsa abin da aka tambaye ka kawai, gaskiya tsantsa ba ƙari ba ragi, abin da ka manta ka ce ka manta kada ka yi kintace, in ya ce zai naɗi muryarka ka ce bari ka yi shawara tukuna. Tsohon ciwo ma kada ka ɓoye, za su tono shi a fayil ɗinka su ce maƙaryaci ne, alhali a wurare da yawa in aiki ne ya tayar da tsohon ciwo ana biya. Facebook kuwa ka ɗan ja baya, hoto ɗaya kana ɗauke da yaro a kafaɗa ya ishe su.

Kuɗin da za a ba ka ba cikakken albashi ba ne, kada ka sa rai. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 121 ta 1964 ta sa ma'aunin kashi 60 cikin 100 ga magidancin da ya kasa aiki na wani lokaci, yawancin jihohin Amurka kuma kashi 2 cikin 3 suke ba da wa, kuma da iyakar da ba a wucewa. Ka duba da wane albashi suka yi lissafin, an sa kuɗin obataim ko an zame shi. In suka ce zo mu ba ka dunƙule a rufe magana, kada ka sa hannu sai likita ya ce ciwon ya tsaya inda zai tsaya, don sau da yawa takardar nan ita ke rufe maganin gaba, in tiyata ta taso bayan shekara daga aljihunka ne.

Oga zai iya cewa ai kai ɗan kwangila ne ba ma'aikaci ba, to ba sunan da ya raɗa maka kotu take kallo ba, wa ke sa maka lokacin zuwa da tashi, kayan aikin na wa ne, su ake dubawa. In kuma bai yi inshorar ba gaba ɗaya, ya danganta da dokar inda kake, a Ingila dokar 1969 ta wajabta ta, yanzu aƙalla ta fam miliyan 5, a Amurka jihar Texas ce dai ta bar kamfanoni masu zaman kansu su zaɓa, wanda ya ƙi kuma ana iya maka shi kotu kai tsaye. Haka in wani na waje ne ya jawo, kamar direban da ya buge ka ko kamfanin da ya ƙera injin mai matsala, wannan ƙara ce daban, sai dai inshora za ta nemi a mayar mata da abin da ta kashe daga ciki.

Kada haushi ya sa ka ajiye aiki da kanka, kora saboda neman diyya dokoki da yawa sun hana, amma in kai ka tafi ka raunana hujjarka. In takardar ƙin biya ta zo kuma ba ƙarshen magana ba ne, akwai ɗaukaka ƙara, kafin ma ka karanta dalilinsu ka fara duba kwanan watan da ke kanta ka ƙirga kwanakin da suka rage maka, sannan ka kwashi fayil ɗinka ka nufi ƙungiyar ƙwadagonku ko lauyan da wannan ne fanninsa, ka tambaye shi kaso nawa zai ɗauka kafin ku fara.