Yadda Ake Tantance Burbushin Birakiyofod da Raɗa Masa Suna

Fara da tabbatar cewa birakiyofod, wata dabbar teku mai ɓawo biyu, ne a hannunka. Ɓawonsa biyu ba girmansu ɗaya ba, amma in ka ja layi ta tsakiyar kowanne, hagu da dama daidai suke. Makankari ba haka yake ba, shi ɓawo biyun ne ke kama da juna.

Kada ka yanke hukunci da ƙwaya ɗaya. Tara aƙalla 20 daga shimfiɗar dutse guda, ka auna tsawo da faɗi da kauri a milimita, ka ƙirga zanen haƙarƙarin da ke bayan ɓawon. Ƙanana da manya na nau'i guda kan sha bamban.

Inda sababbin shiga ke tuntuɓe shi ne yarda da fuska. Kama da wane ba ta wane, domin birakiyofod biyu da ba su haɗa dangi ba sukan yi kama sak daga waje. Shaidar tana cikin ɓawon, a ƙashin hannu mai riƙe gaɓar cin abinci, wanda ya bambanta daga rukuni zuwa rukuni: na Spiriferida a murɗe yake kamar sifirin, na Terebratulida madauki ne, na Rhynchonellida ƙugiyoyi biyu gajeru. Sau da yawa sai an goge samfurin ake ganinsu, gugar kuwa cinye shi take yi. Saboda haka ɗauki hoto, ka yi kwafinsa da filasta tukuna. Sannan ka dasa shi a filasta, ka riƙa gogawa daga ƙoton, wato tsinin ɓawon, a kan gilashi da garin guga na kabarandam, milimita 0.1 ko 0.2 kowane zuwa. Ɗiga asid mai rauni na 'yan daƙiƙu, wanke, bari ya bushe, zuba asiton, shimfiɗa ledar asitet ta kwashi zanen. Rubuta nisan kowane yanka nan take. Hannu ya karkata kaɗan, madaukin zai fito a gicce, ka ɗauka sabon abu ka gano. Na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin abu ba ta ɓarna, sai dai tsada, kuma ɓawon kalsait, ma'adinin da shi ma dutsen farar ƙasa ke ɗauke da shi, sau da yawa ba ya fitowa sosai a cikin irin wannan dutse.

Yanzu kwatanta da Sashen H (na birakiyofod) na kundin Treatise on Invertebrate Paleontology da bayanan waɗanda suka fara raɗa sunayen. In kama ce kawai, sa "cf.", wato "kwatanta da", a jikin sunan ka dakata.

In sabo ne, bi dokar ICZN, ƙa'idar duniya ta raɗa wa dabbobi suna: kalma biyu a tsarin Latin, bayanin abin da ya bambanta shi, da samfurin asali da sunan zai dogara a kai, wanda ayyana shi ya zama dole tun 2000. Ajiye shi a gidan tarihi da lamba. In a intanet kaɗai za a wallafa, a yi wa rubutun rajista a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi, kafin ya fita.