Kurakuran da aka fi yi wajen tsara samar da kayan tallafi ga masu nakasa

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗaukar ranar rabon kaya irin su kekunan guragu da na'urorin ji a matsayin ƙarshen aiki. Hukuma ko ƙungiya takan rubuta cewa ta raba kekuna kaza, ta rufe littafi, ba tare da ta san nawa ne ake hawa bayan shekara guda ba. Keken da aka ba mutum ba a auna faɗin ƙugunsa da tsawon cinyarsa ba, kuma babu matashin zama mai kyau, yana iya jawo masa gyambo, wanda ga mai raunin laka yakan kai ga rasa rai. Na'urar ji kuwa, da zarar batirinta ya mutu kuma babu inda za a samo wani, sai a jefa ta cikin akwati. Gyaran shi ne rajista ta riƙa bin mutumin: wa ya auna shi, me aka ba shi, an koya masa amfani da shi, yaushe zai dawo a duba. Wannan ya fi zama dole ga yara, domin suna girma su fi ƙarfin kayansu.

Akwai kuma matsalar yadda ake tambaya wajen ƙidayar masu buƙatar kayan. Idan aka ce wa dattijo "kana da nakasa?", zai ce a'a, alhali ba ya iya karanta rubutun da ke jikin maganinsa. Tambayoyi 6 na Rukunin Washington, wato rukunin masana ƙididdigar masu nakasa, sun kauce wa wannan, domin suna tambayar wahalar da mutum ke sha wajen gani, ji, tafiya, tuna abu, kula da kansa da sadarwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna fiye da mutum biliyan 2.5 ne ke buƙatar irin waɗannan kaya, kusan biliyan 1 kuma ba sa samu, don haka ƙidayar da ta fito da adadi ƙanƙani abar tuhuma ce.

A ɓangaren manufa, an fi rubuta alkawari a manta da kasafi. Jerin kaya 50 mafi muhimmanci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 mafari ne mai kyau, amma kowace ƙasa na buƙatar nata jerin, tare da kuɗin kayan gyara da horar da masu gyara. Karɓar kyautar tsofaffin kekuna da ba a samun tayoyinsu ƙarin nauyi ne kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne sakaci da sirri. Ana ɗaukar hotunan waɗanda suka amfana, ana yaɗa sunayensu da larurarsu ba da izininsu ba, alhali Sashe na 31 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Nakasa ta 2006 ya wajabta kare sirrinsu. A nemi izini ta hanyar da mutum zai fahimta, ko da yaren kurame ko da rubutun makafi, a kuma taƙaita masu iya buɗe rajistar.